Taimakon Yaron da Karatu Ya Yi wa Wuya: Darasi daga Niyu Zilan da Indiya



Gabatarwa

A kowane aji na makarantar firamare akwai wasu yara waɗanda in malami ya rubuta jimla a allo ya ce a maimaita, sai muryarsu ta bi ta 'yan'uwansu, a ji kamar kowa ya iya. Ranar da aka kira ɗayansu shi kaɗai aka miƙa masa littafi, ranar ce asiri kan tonu, a tarar ya haddace abin da ake rerawa ne kawai, bai san inda kalma ta fara da inda ta ƙare ba. Wannan lacca a kan irin waɗannan yara take, da kuma taimako na musamman da ake ba su, watau a ware yaro shi kaɗai ko cikin 'yar ƙaramar ƙungiya, wani ya zauna da shi kullum na ɗan lokaci har ya kama karatu. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan taimako yana aiki, amma amfaninsa ya rataya ne a kan abin da ake koya wa yaron a cikin zaman. Tarihin shirye-shirye biyu, ɗaya na ƙasar Niyu Zilan ɗaya na ƙasar Indiya, shi zai zama hujja.

Girman matsalar

A shekarar 2022 Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar da ƙiyasi cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 89 cikin 100. Da yawa daga cikin yaran nan suna zuwa makaranta, sai dai zuwan bai haifar da karatu ba.

Yaron da ya faɗa baya a farkon tafiya da wuya ya cim ma tsaransa shi da kansa. A shekarar 1988 wata masaniya mai suna Connie Juel ta wallafa binciken da ta yi a Amurka, inda ta bi sawun yara 54 daga aji ɗaya zuwa aji huɗu. Ta tarar cewa kusan tara cikin goma na waɗanda suka gama aji ɗaya da raunin karatu, da raunin suka gama aji huɗu. Shekara biyu kafin wannan, Keith Stanovich ya bayyana dalili. Yaron da ya iya karatu yana jin daɗinsa, saboda haka yana yawaita shi, kalmominsa su ƙaru, karatun ya daɗa yi masa sauƙi. Wanda bai iya ba kuwa gudun littafi yake yi, kullum tazarar tana daɗa faɗi. Da an kai aji huɗu, lissafi da tarihi da kimiyya duk ta hanyar karatu suke zuwa, sai raunin fanni ɗaya ya zama raunin dukkan fannoni.

Wajibi ne a kawar da zaton cewa irin wannan yaro daƙiƙi ne. Wani ba ya gani sosai, wani ba ya ji sosai, wani talla ko noma sun cinye masa rabin zango, wani kuma da harshen da bai sani ba ake koya masa. Akwai kuma waɗanda hankalinsu garau yake, amma rarrabe sautukan da ke cikin kalma yana ba su wahala, abin da masana ke kira disleksiya. Tun a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira a komai, in ban da karatu.

Shirin Marie Clay

Marie Clay malama ce a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan. Ta shafe shekaru tana lura da yadda ƙananan yara ke fara karatu, kuma a tsakiyar shekarun 1970 ta tsara shirin da ta sa wa suna Reading Recovery, watau farfaɗo da karatu. A 1983 shirin ya game ƙasar, a 1984 ya shiga Amurka ta hannun Jami'ar Jihar Ohayo, daga baya ya bazu a Ostireliya da Ingila da Kanada.

Ga yadda tsarin yake. Bayan yaro ya yi shekara guda a makaranta, yana ɗan shekara shida, sai a gwada 'yan ajin a zaɓi waɗanda suka fi rauni. Kowanne zai sami malami nasa shi kaɗai, minti 30 kowace ranar makaranta, har tsawon mako 12 zuwa 20. A cikin zaman yaro zai sake karanta littattafan da ya saba da su, ya yi wasa da haruffan roba, ya rubuta jimla tasa ta kansa, malami ya yayyanka jimlar yaro ya sake jera ta, kana a buɗe sabon littafi. Yayin da yaro ke karatu malami na riƙe da takarda yana yin alama a kan kowace kalma, wadda aka faɗa daidai, wadda aka kuskure, da wadda yaron ya gyara da kansa. Idan abin da ya faɗa daidai bai kai kashi 90 cikin 100 ba, littafin ya yi masa nauyi, sai a sauko. Malaman kuwa shekara guda suke yi ana horar da su, suna kallon junansu suna koyarwa ta bayan gilashi, sa'an nan su tattauna abin da suka gani.

Lalle wannan tsari yana da abubuwan yabo: an fara da wuri, an yi kullum, an auna yaro a kai a kai, an kuma ba shi abin da ya yi daidai da ƙarfinsa. Babban gwajin da aka yi a Amurka tsakanin 2011 da 2015 ya nuna yaran da suka bi shirin sun fi takwarorinsu ci gaba sosai a ƙarshen watannin koyarwa.

Inda gizo ya yi saƙa

Matsalar tana cikin abin da malami ke ce wa yaro idan ya ci karo da kalmar da bai sani ba. A koyarwar Clay, yaro zai nemi taimako daga wurare da dama: ya dubi hoto, ya tuna ma'anar labarin, ya ji wace kalma ce za ta dace da jimlar, ya kuma dubi haruffa. Masu suka sun daɗe suna cewa wannan yana koya wa yaro cinke. A littafin aji ɗaya, inda hoton doki ke saman kalmar doki, cinke yana kai yaro gaci. A littafin aji huɗu hotuna sun ragu, kalmomi sun yi tsawo, dabarar ba ta da sauran amfani. Bincike mai yawa, wanda wani kwamitin ƙasa na Amurka ya tattara a shekarar 2000, da rahoton Jim Rose na Ingila a 2006, ya goyi bayan koyar da dangantakar harafi da sauti daki-daki, bisa tsari, tun daga farko.

A shekarar 2022 masu bincike na Jami'ar Delaware, ƙarƙashin Henry May, suka sake bin sawun yaran da suka shiga shirin. Suka tarar cewa a aji uku da aji huɗu sakamakonsu ya yi ƙasa da na yara masu kama da su waɗanda ba su shiga ba. Masu gudanar da shirin sun yi jayayya da wannan sakamako, amma dai guguwar ta riga ta tashi. A 2024 gwamnatin Niyu Zilan, ƙasar da shirin ya fito, ta ba da sanarwar daina ba shi kuɗi, ta koma ga koyar da harafi da sauti bisa tsari. Darasin a bayyane yake: ana iya samun malami ƙwararre, lokaci isasshe da kyakkyawar niyya, amma in an ɗora yaro a kan dabarar da ba za ta ɗore ba, ribar farko takan zube daga baya.

Akwai kuma maganar tsada. Malami ɗaya da ke ba kowane yaro rabin sa'a, yara kaɗan zai gani a yini. An tsara shirin ne domin makarantar da masu rauni 'yan tsiraru ne. Inda su ne mafi rinjaye, dole a nemi wata hanya.

Hanyar Pratham

Wannan hanya daga Indiya ta fito. Ƙungiyar Pratham, wadda aka kafa a birnin Mumbai a tsakiyar shekarun 1990, ta ɓullo da wani shiri mai suna Balsakhi, ma'ana abokiyar yaro. Akan ɗauki budurwa daga unguwar, wadda ta gama sakandare, a ba ta horon mako biyu. Kullum za ta ware yara 15 zuwa 20 na aji uku da aji huɗu waɗanda suka faɗa baya, ta yi sa'a biyu da su a kan tushen karatu da lissafi. Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu sun gwada shirin a biranen Vadodara da Mumbai, suka wallafa sakamakon a 2007. Yaran sun ci gaba, kuma waɗanda suka fi rauni su suka fi amfana. Banerjee da Duflo na cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 saboda irin waɗannan gwaje-gwaje.

Daga nan aka gina tsarin da ake kira koyarwa daidai da matakin yaro. Akan gwada kowane yaro da baki, shi kaɗai, cikin 'yan mintoci, a gano matakinsa cikin biyar: wanda bai san harafi ba, mai sanin harafi, mai karanta kalma, mai karanta sakin layi, da mai karanta labari. Sai a rarraba yara bisa waɗannan matakai, a manta da aji da shekaru na tsawon sa'a ɗaya ko biyu a yini. Da yaro ya ƙware a mataki sai ya haura na gaba. Ƙasar Zambiya ta fara gwada tsarin a 2016, a Nijeriya kuma an fara gwada shi a Jihar Barno a 2018.

Abin da ya shafi mai koyon karatun Hausa

Yaron da ke koyon karatu da Hausa yana da sa'a guda wadda ɗan Ingila ba shi da ita. A rubutun boko na Hausa harafi kusan kullum sauti ɗaya yake wakilta, gaɓoɓin kalma kuma gajeru ne. Wanda ya san sautin haruffa ya kuma iya haɗa baƙi da wasali, ya riƙe mabuɗin yawancin kalmomi. Wuraren da yaro mai rauni ke tuntuɓe sanannu ne, kuma mai taimako ya kamata ya tsaya a kansu: bambancin b da d, haruffa masu lanƙwasa kamar yadda suke a kura da ƙura ko daka da ɗaka, da tagwayen haruffa irin su sh, ts, ky da gw. Rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke da rubutu ɗaya. A nan ne ma'anar jimla ke da gurbinta. Yaro ya fara furta haruffan, sa'an nan jimla ta gaya masa wane garin ake nufi.

Wannan jeri ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, kana ya shiga haɗa su, kuma ba ya wanke allo sai ya biya wa malam ko gardi shi kaɗai an tabbatar ya iya. Kowa a inda allonsa ya tsaya yake, ba a jan sa domin tsaransa sun wuce. Haka kuma akwai kayan aiki na zamani da aka riga aka tsara da Hausa, kamar littattafan Mu Karanta! da aka yi amfani da su a jihohin Bauci da Sakkwato da tallafin hukumar USAID a shekarun da suka biyo bayan 2015.

Shawarwari

Ga ma'aikacin ilmi, abubuwa huɗu ne suka fito daga wannan tarihi. Na farko, a gwada kowane yaro da baki kafin ya gama aji ɗaya, a kuma duba idonsa da kunnensa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, a sa lokacin taimako cikin jadawalin makaranta, kullum, don kuwa abin da aka bar wa ganin dama shi ake fara yadawa in aiki ya yi yawa. Na uku, a ba mai taimako tsararren darasi na harafi da sauti, da ƙananan littattafan da aka rubuta da haruffan da yaron ya riga ya koya, a kuma riƙa karanta masa labarai domin kalmominsa su yalwata. Na huɗu, kada a yanke hukunci a kan shiri da sakamakon zango ɗaya, a sake gwada yaran bayan shekara biyu ko uku.

Ga ɗaliban jami'a da na kwalejojin horon malamai kuwa, misalin Balsakhi ya nuna cewa matashi mai ilmin sakandare, in an horar da shi an kuma sa masa ido, zai iya wannan aiki. Yaran da suka gagara a ƙungiya, su ne za a keɓe wa ƙwararren malami su kaɗai.

Kammalawa

Marie Clay ta rasu a 2007, ta bar wa duniya tabbacin cewa yaro mai rauni yana iya cim ma tsaransa in an zauna da shi da wuri. Waɗanda suka soki hanyarta sun gyara abin da za a koya masa, Pratham kuma ta nuna yadda za a kai taimakon ga yara masu yawa da kuɗi kaɗan. Abin da ya rage aikin hukuma ne da malamai: a san sunan kowane yaro da bai iya karatu ba, a san matakin da ya tsaya, a kuma san wanda zai zauna da shi gobe da safe.