Jawabi Kan Sake Fentin Taraktar Ƙungiya Da Zaɓen Ruwan Da Za A Sirka Fentin Da Shi



An umarce mu da mu yi bayani a madadin kwamitin kula da kayan ƙungiya game da taraktarmu, musamman dalilin da ya sa muke neman izinin sake yi mata fenti alhali ba a daɗe da yi mata wani ba. Tambaya ce da ta dace, domin kuɗin da aka kashe a karon farko gumin jama'a ne, kuma wanda za a kashe yanzu ma daga aljihunsu zai fito. Saboda haka za mu faɗi kuskuren da muka yi, da abin da muka koya daga gare shi, sannan mu gabatar da shawararmu.

Taraktar nan ƙirar Massey Ferguson 135 ce, irin wadda aka yi ta ƙerawa daga 1964 zuwa 1975, mai injin Perkins mai silinda uku. Ke nan ko da a shekarar ƙarshe aka ƙera ta, ta riga ta kai shekara hamsin. Dattawan da ke zaune a nan sun tuna yadda irinta suka yawaita a ƙasar nan zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na gwamnatin Shehu Shagari na 1980. Yawancin sa'o'inta sun zama kwarangwal a bakin gareji, amma tamu har yanzu tana huɗa, tana jan tirela. Injinta lafiya lau yake. Jikinta ne ke ciwo, domin tsatsa ta kama murfin injin da marufan taya, musamman wuraren da takin zamani da ruwan batir ke zuba. Ƙarfen da ba shi da fenti, iska da laima suna cin sa kullum, kuma idan ya huje sai walda ko sauyi. Wannan ne ya sa ba mu ɗauki fenti a matsayin kwalliya kawai ba.

A karon farko mun sayi fenti mai kyau, ja da ruwan toka kamar yadda kamfanin ya fito da ita, muka ba wani mai feshi aikin. Abu ɗaya ne ba mu tambaya ba, wato da me zai sirka fentin. Ya sirka shi da tinar da ake sayarwa a kwalba a bakin kasuwa, da ta ƙare kuma ya cika da fetur, sannan ya yi feshin da tsakar rana a cikin watan Afrilu. Kafin kwana uku murfin injin ya yamutse kamar fatar tsoho, marufan taya kuma suka fito da gautsi kamar an watsa musu rairayi. Damina ɗaya ta wuce, fentin ya fara ɓarewa. Ba za mu ɗora wa mai feshin laifi shi kaɗai ba, domin mu ne muka matsa masa ya rage kuɗi. Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado.

Domin a fahimci abin da ya faru, sai mun yi ɗan bayani kan yadda fentin ke aiki. Fentin da aka saba yi wa tarakta shi ne fentin mai da ake kira inamel, galibi nau'in alkid. A cikin gwangwani yana da kauri kamar kunun da bai ji ruwa ba, don haka ba zai bi ta bakin bindigar feshi ba sai an tsinka shi. Ruwan da ake tsinka shi da shi, wanda ake rubuta wa ridiyusa a jikin gwangwani, yana da aiki uku. Na farko, ya sa fentin ya fita daga bindiga a matsayin ƙananan ɗigo. Na biyu, ya zauna a cikin ɗigon har su isa jikin ƙarfe da danshinsu, su narke cikin juna, su kwanta sumul. Na uku, ya tashi ya bi iska a kan lokaci. Bayan ya tashi ne iskar da muke shaƙa ke shiga fentin a hankali tana taurara shi, kuma wannan yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Idan ruwan sirkin ya yi saurin tashi, fentin zai bushe tun yana kan hanya, ya sauka da gautsi ko ya yi ƙuraje kamar ɓawon lemo. Idan kuma ya yi jinkiri, fentin zai riƙa dalala, ya daɗe yana danƙo, ƙura da ƙwari su manne masa.

Yanzu sai mu duba ruwan da ake samu a kasuwa ɗaya bayan ɗaya.

Tinar da aka fi sani, wadda masu fentin mota ke wanke bindiga da ita, an yi ta ne domin fentin selulos. Tana ɗauke da sinadarai masu ƙarfi da saurin tashi irin su asiton da toluwin. Ƙarfin nan yana ratsa tsohon inamel da ke ƙasa, ya kumbura shi, shi ne yamutsewar da muka gani a murfin injin. Saurinta kuma shi ke kashe ƙyallin fenti a lokacin zafi. A bar ta a wurin wanke kayan aiki.

Fetur man mota ne, ba a haɗa shi domin fenti ba. Yana tashi nan take, yana barin gurɓatattun abubuwa a cikin fentin, kuma tururinsa yana kama wuta da ƙyastu ɗaya ko da a cikin tsananin sanyi. Mutumin da ke fesa fetur ta bindiga ya cika wurin da abin da sigari guda ko tartsatsin waya zai iya tayarwa. Kananzir kuwa kishiyar fetur ne: yana da maiƙo, yana da nauyin tashi, fentin da aka sirka da shi yakan kwana da kwanaki bai bushe ba.

Waɗanda suka dace da inamel na alkid su ne wayit sifirit, da nafta ta masu fenti, da zailin. Wayit sifirit yana tashi a hankali, ba ya cin tsohon fenti, don haka ya fi dacewa da lokacin zafi da kuma aikin buroshi. Nafta ta fi shi sauri, ta fi amfani a safiyar sanyi. Zailin yana da ƙarfi fiye da su biyun, yana sa feshi ya fita da kyau, amma sai an yi hattara da shi a kan tsohon fenti. Mafi aminci duka shi ne ridiyusar da kamfanin da ya yi fentin ya haɗa dominsa, domin an auna sinadaran cikinta daidai da fentin. Kamfanoni da yawa suna yin ta kala uku: mai sauri domin sanyi, matsakaiciya domin yanayin da ya kama daga wajen digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, da mai jinkiri domin abin da ya haura haka. To mu da zafinmu na Maris da Afrilu kan wuce digiri 40, kuma ƙarfen da ya sha rana ya fi iska zafi nesa, mai jinkiri ce tamu a mafi yawan shekara.

Akwai wani abin lura. Ba duk fentin da aka rubuta wa inamel ne iri ɗaya ba. Akwai na akirilik, akwai kuma fenti mai haɗi biyu irin na motocin zamani, kowanne da ruwan sirkinsa. Idan aka zuba wayit sifirit a cikin wanda ba nasa ba, fentin kan yi gudaji kamar nonon da ya tsinke. Saboda haka matakin farko shi ne karanta rubutun da ke jikin gwangwani. Muna kira ga 'ya'yanmu da suka yi makaranta su tsaya kusa da mai feshi su karanta masa, domin irin wannan rana ce aka kai su makaranta.

Game da yawan da za a zuba, gwangwanin ne zai faɗa. Da yawa daga cikin fentin tarakta suna neman kusan kashi ɗaya na ruwan sirki a cikin kashi takwas zuwa goma na fenti, wasu kuma fiye da haka. A auna da kofi ɗaya, kada a yi da ka. A fara da kaɗan, domin ƙarawa tana da sauƙi, cirewa kuwa ba ta yiwuwa. Sannan a yi gwaji uku kafin a taɓa taraktar. A haɗa ɗan kaɗan a kwalba, a bar shi ya zauna, a ga ko zai rabu. A jiƙa tsumma da ruwan sirkin a goga a wani ɓoyayyen wuri na tsohon fentin, a ga ko zai yi laushi ko ya tashi. A ƙarshe a fesa a jikin tsohon kwanon rufi, daga nisan kamar taƙi ɗaya, a daidai lokacin da za a yi ainihin aikin. Mun yi waɗannan gwaje-gwaje a harabar ofishin ƙungiya, kuma kwanukan suna nan a bakin ƙofa domin kowa ya shafa da hannunsa ya ji bambanci.

Ruwan sirki mai kyau ba zai ceci aikin da aka yi a kan datti ba. Dole a fara wanke man dizal da giris tukuna, sannan a goge tsatsa har ƙarfe ya fito, a shimfiɗa fentin farko mai hana tsatsa. Ɗigon mai guda ya isa ya sa fenti ya buɗe ƙananan ramuka. A zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfuresa, a cire batir, a bari inji ya huce, a rufe tayoyi da fitilu da lagireto da farantin lambar inji. A yi shafi na farko marar nauyi, a jira ya fara danƙo, sannan a bi shi da cikakken shafi biyu. Inamel yana da wata ɗabi'a: idan ba a ƙara shafi cikin 'yan sa'o'in da kamfani ya ƙayyade ba, sai an jira kwanaki, in ba haka ba sabon shafin zai yamutsa na ƙasa. Lokacin da muke ganin ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, kafin ƙurar hunturu ta kankama, da safe, a inuwa, bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa. Mun san lokacin jigilar amfanin gona ne, don haka muna roƙon manoma su yi haƙurin mako biyu.

Saura maganar da ta fi fenti muhimmanci, wato lafiyar wanda zai yi aikin. Tururin zailin da sauran ire-irensa yana kawo jiri da ciwon kai, kuma ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Ana buƙatar takunkumi mai matatar gawayi, da safar hannu, da wuri mai iska. Akwai kuma wani sinadari da ake ƙara wa inamel domin ya yi saurin tauri, ya ƙara ƙyalli, ya jure man dizal. Amfaninsa gaskiya ne, amma yana ɗauke da aisosayanet, wanda kan jawo asma da ba ta rabuwa da mutum, kuma kariyar da ta dace da shi ita ce takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Ba mu da irinsa. Shawarar kwamiti ita ce a yi aikin ba tare da shi ba, a ba fentin isasshen lokaci ya taurara da kansa, a kuma riƙa goge dizal da zarar ya zuba. Haka nan fentin injuna na wancan zamani yakan ƙunshi dalma, musamman ja da rawaya. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a jihar Zamfara. Don haka a goge tsohon fentin da ruwa domin kada ƙura ta tashi, a tattara dattin a kai shi nesa da rijiya da gona, kuma kada a bar yara su taru suna kallo.

Daga ƙarshe, abin da muke nema daga wannan taro abu huɗu ne. A amince a sayi fentin da ridiyusarsa mai jinkiri tare, daga kamfani ɗaya, a cikin gwangwanin da ba a buɗe ba. A amince a sayi takunkumi biyu, su zama kayan ƙungiya. A naɗa matasa biyu su tsaya a kan aikin daga farko har ƙarshe, su rubuta sunan fentin, da abin da aka sirka shi da shi, da awon, da ranar, a ajiye a littafin kayan ƙungiya domin na baya. Sannan a biya mai feshi haƙƙinsa cikakke, domin kada mu sake tura shi neman rangwame a bakin kasuwa.

Muna neman afuwar jama'a kan asarar da aka yi a karon farko.