Ɗan Dako da Motar Ɗaga Kaya

Jawabi ga 'yan Bauchi mazauna Ikko



An nemi in yi magana a kan wata 'yar mota wadda yawancinku kuka saba gani a Apapa da manyan sito-sito na Ikeja, watau motar ɗaga kaya mai yatsu biyu na ƙarfe, wadda ma'aikata ke kira foklif. Maganar ta shafe mu, domin da yawa daga cikin samarinmu da suka baro Bauchi da Ningi da Darazo dako suke yi, ita kuwa domin dako aka ƙera ta.

Asalinta Amurka ne. Kamfanin Clark ya fito da kakarta a 1917, amma Yaƙin Duniya na Biyu shi ya yaɗa ta, sa'ad da soja suka gane cewa in an jera kaya bisa dandamalin katako, mutum ɗaya na iya ɗauke abin da dā sai an tara gayya. Mu nan kuwa sai da muka ji jiki. A 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa masu ɗauke da siminti suka yi cirko-cirko a bakin Ikko wata da watanni, an rasa yadda za a sauke su. A 1977 aka buɗe tashar Tin Can, kuma tun daga zamanin nan kwantena da injin ɗaga kaya suka yi ta cin wurin lebura a tasha.

Garinmu ma ya ga farkon abin. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, gyaɗa da auduga duk a kan mutane suka shiga wagunu. Da aka buɗe masana'antar Steyr a 1979, mai harhaɗa manyan motoci da tarakta da kayan da ake kawowa daga Ostiriya, sai ga akwatunan da ba kan da zai ɗauka. Aikin wannan masana'anta ya ja baya daga bisani. Kasuwar Muda Lawal kuwa har gobe da hannu ake lodi a cikinta, kuma ba don rashin wayo ba ne: motar nan ba ta aiki sai a daɓe mai laushi da kaya jere bisa katako, ƙasar kasuwa kuwa kun san ta.

Saboda haka dakon kasuwa yana da sauran kwana. Na kamfani ne ke ƙarewa, kuma a ganina wanda ya riga ya san nauyin buhu shi ya fi cancanta ya hau kujerar direban.

To, amma a san halinta. Ma'auni ce mai tafiya. Tayoyin gaba su ne tsakiyar ma'aunin, kaya a gaba, ƙaton ƙarfe a baya yana riƙe da su. Wadda aka fi gani tana ɗaukar ton 2 da rabi, watau buhun siminti 50, ita kanta kuwa ta kusa ton 4. Akwai 'yar farantin ƙarfe kusa da kujera wadda ke faɗin iyakar abin da za ta ɗauka, kuma lissafin nan ya dogara ga kayan su zauna kusa da gindin yatsun. In suka zame zuwa baki, ko aka ɗaga su sama ƙwarai, ƙarfinta ya ragu, sai ta kifa. Da tayoyin baya take karya kwana, don haka bayanta ke shara, ya maƙure wanda ke tsaye jikin bango. Ana tafiya da yatsun a ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga daɓe. A gangare kayan su dubi tudu, ko da za a sauko da baya.

Abin da ya fi wuyar koyo shi ne wannan: in ta tashi faɗuwa, kada direba ya yi tsalle. Ya ɗaura ɗamara tun farko, ya riƙe sitiyari, ya karkata ɗaya gefen, domin rufin ƙarfen nan kan danne mai tsalle.

Wanda ke aiki a sito ya nemi manaja ya sa shi cikin masu koyo, kuma in ya gama ya karɓi takardar shaida da sunansa, domin ita za a fara tambaya ko a Apapa, ko a tashar kan tudu ta Dala da aka buɗe a Kano a 2023.