KASUWAR GIDA DA HAƘƘINTA A KAN 'YA'YAN GARI MAZAUNA BIRNI

Jawabin da aka gabatar a wajen babban taron shekara-shekara na ƙungiya

     

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba tsohon malamin makaranta dama ya tofa albarkacin bakinsa. An nemi in yi magana a kan tattalin arzikin garinmu. Wannan kuwa kogi ne, ni kuma ba gwanin iyo ba ne, saboda haka zan tsaya a bakin gaɓa in ɗauki tambaya guda: idan hidimar gida ta taso, a ina 'ya'yan garin nan mazauna birni suke kashe kuɗinsu? Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a gabana sun ratsa ta ajina, wasu ma sun ɗanɗani bulalata, don haka ina fata za a yi mini haƙuri idan na yi magana ba tare da kwana-kwana ba.

Duk wanda ya tsaya a bakin tasha ranar jajibirin Sallah ya san amsar wannan tambaya. Motoci ne ke shigowa sun duƙa saboda nauyi: buhun shinkafa, katan ɗin taliya, jarkar man gyaɗa, sukari, sabulu, har da burodi da ledar ruwa. An yi sayayya a Singa, an yanko yadi a Kantin Kwari, an kai wa telan birni ya ɗinka, an zo gida da komai a kammale. Motar za ta wuce ta gaban masu shago su ɗaga hannu su yi barka da zuwa, gaisuwar nan kuma ita ce iyakar rabonsu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hatsi. Gero da dawa da wake a gonakinmu ake noma su, 'yan sari su saye su a kasuwarmu da kaka, a loda su zuwa Dawanau, sa'an nan ɗan garin nan ya je can ya sayi buhu, ya biya kuɗin mota ya dawo da shi gidan ubansa. Hatsin ya je yawon buɗe ido ya komo, ribarsa kuwa ta kwana a aljihun wasu.

Bari mu yi lissafi irin na allo. Mu ƙaddara cewa mutum 200 ne ke zuwa gida Sallah, kowannensu kuma yana kashe naira dubu 100 a kan kayan abinci da ɗinki da tsaraba. Naira miliyan 20 ke nan a Sallah guda. Ku ƙara da Sallah ta biyu, ku ƙara da bukukuwan aure da suna, ku ƙara da gine-ginen da kuke yi a bayan gari. Ban ce wannan shi ne ainihin adadin ba, misali ne kawai na buga, amma kowa ya sa nasa lissafin zai ga cewa abin da ke wuce kasuwarmu a shekara ya ninka gudunmawar da muke tarawa a irin wannan taro sau da yawa. Muna tafa wa wanda ya ba da naira dubu 50 a asusun ƙungiya, kuma ya cancanci tafi, to amma shi ɗin ne jiya ya kashe ninkinta goma a birni a kan kayan da akwai su a nan.

Kuɗin da aka kashe a gida ba ya tsayawa a hannu ɗaya. Ka biya tela, tela ya biya mahauci, mahauci ya sayi akuya a hannun wata tsohuwa, tsohuwar ta biya mai injin niƙa, mai injin ya saya wa ɗansa littafi a shagon bakin makaranta. Naira ɗaya ta shiga gida biyar kafin ta fita daga gari. Wadda aka kashe a birni kuwa ko sallama ba ta yi mana ba.

Akwai wani abu da mai shagon unguwa yake yi wanda babu babban kantin da zai yi, wato ba da bashi saboda sanayya. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai muka kama aiki a farkon shekarun 1980 mun san wannan sarai, domin an yi zamanin da albashin malaman firamare kan yi watanni bai fito ba. Littafin mai shago ne ya riƙe gidajen malamai da yawa, ba takardar yarjejeniya, ba jingina, ba ruwa a kan kuɗi. Kada matasa su ce wannan tsohon labari ne. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kowa ya tuna yadda tsabar kuɗi ta ɓace. Kuna birni kuna layi a bakin banki, kun tura kuɗi ta waya sun maƙale, iyayenku kuma suna nan gida ana bukatar abin kai wa bakin salati. Wa ya auna musu masara? Wa ya ba su man girki da ashana ya ce a bari sai ɗansu ya samu? Mutumin nan ne da kuke wucewa da mota. Ya yi haka ne alhali shi ma da kuɗi hannu ake ba shi kaya a Singa. To idan ya ɗauki nauyin gidanka a ranar tsanani, ranar yalwa kuma ka kai cinikinka wani wuri, ai ba a yi masa adalci ba.

Ban zo in ɓata manyan kantuna ba, suna da amfaninsu, kuma 'ya'yan mutane ne ke aiki a cikinsu. Sai dai ku lura da bambanci guda. Kantin Shoprite ya buɗe a Kano a 2014, jama'a suka yi ta tururuwa, wasu don sayayya wasu don ɗaukar hoto. A watan Janairu na 2024 ya rufe, domin masu shi sun duba lissafi sun ga ba ya fita. Ba laifi suka yi ba, haka dokar irin wannan kasuwanci take. Mai tiredar unguwarmu kuwa ya sha wuyar da suka sha, ya ga kullen korona na 2020, ya ga tsadar mai, bai tafi ko'ina ba, saboda nan gidansa yake, nan kuma kaburburan iyayensa suke.

Har ila yau, shago ba wurin ciniki ne kaɗai ba. A nan ake ajiye saƙo, a nan baƙo ke tambayar gidan wane, a nan ake fara jin an yi haihuwa ko an yi rashi. Teburin mai shayi kuwa majalisa ce sukutum: da asuba direbobi da leburori, da dare matasa da masu sauraron rediyo. Idan aka kwana biyu ba a ga wani dattijo ya zo sayen goro ba, mai shago ne zai fara aikawa a duba ko lafiya. Ƙasashen da suka bari irin waɗannan wurare suka mutu sun gane girman asarar. A Ingila, inda manyan kantuna suka daɗe da danne ƙanana, har doka aka yi a 2011 wadda ta ba mutanen ƙauye ko unguwa damar su sa a rubuta shagonsu ko mashayarsu ko ɗakin karatunsu a matsayin abin amfanin jama'a, ta yadda idan mai shi ya tashi sayarwa za a dakata har wata 6, ko jama'a za su haɗa kuɗi su taya. Mashaya ba al'adarmu ba ce, amma abin da suke ƙoƙarin cetowa shi ne wurin haɗuwar maƙwabta. Mu namu yana nan da ransa, ba mu bukatar doka, ciniki kawai yake nema.

Yanzu sai masu sana'ar hannu, kuma a nan ne abin ya fi ci mini rai. Mutum zai gina gida a garinsu, sai ya taho da birkila da kafinta da mai walda da mai jan waya duk daga birni, ya kama musu masauki, yana ciyar da su. Yaran gari suna zaune a kan dakali suna kallo, iyakarsu a kira su ɗiban ruwa da kwaɓa siminti. Za a aurar da yarinya, gado da kujeru da sif duk daga birni. Kowane shagon kafinta ko tela ko bakanike makaranta ce, ina faɗin haka a matsayin wanda ya shafe rayuwarsa a makaranta. Ba kowane yaro ne zai je jami'a ba, kuma wanda ya je ma ba lalle aiki na jiransa ba. Masaƙun Kaduna da suka ɗauki dubban 'yan Arewa sun durƙushe: KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Abin da ya rage wa yaro shi ne ya zauna wajen ubangida shekara uku ko huɗu, ya koya, a yaye shi. Amma ubangidan da ba shi da aiki ba zai riƙe yara ba. Idan ya rufe shago, yaran nan su ne za ku gani a tashoshin birni suna tura baro, ko su faɗa abin da ya fi haka muni. Kowannenmu ya san halin tsaro da Arewa ta shiga, ba sai na tsawaita ba.

Kada kuma a raina ƙaramin jari ko ƙaramin gari. Alhaji Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi, da fataucin goro ya fara a hanyar Gwanja, kafin ya shiga sayen gyaɗa, ya rasu a 1955 yana cikin attajiran da suka fi kowa a Afirka ta Yamma. Ba mu san wanda Allah ya ajiye a bayan ƙaramin teburin da ke bakin kasuwarmu ba.

Ga 'yan uwa mata da ke birni ina da roƙo na musamman. Iyayenmu mata da ke cikin gida suna yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da kuka, suna ɗinka hula, suna saƙa faifai. Da yawansu zawarawa ne masu riƙon marayu. Idan za ku yi gara, alkaki da nakiya da dubulan ɗin a ba su su yi. Kuma idan kun tashi komawa, motar da ta zo a cike bai kamata ta koma wayam ba.

Na san akwai ƙorafi, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Ana cewa kayan gida sun fi tsada. Wani lokaci gaskiya ne, domin mai shagonmu katan biyu yake iya sarowa, ba tirela ba. Sai dai tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024, wanda ya sayi siminti ko kwano a Ƙofar Ruwa ya haɗa da kuɗin mota da na lodi da na saukewa kafin ya ce ya yi arha. Ana kuma cewa tela ba ya cika alkawari, kafinta yana cinye kuɗin kafin alkalami, mai awo yana da mudu biyu, na saye da na sayarwa. Wannan magana ce da zan juya in faɗa wa masu sana'ar garin nan da ke zaune a baya. Ba za mu roƙi 'yan uwanku su ba ku aiki don tausayi ba. Wanda aka ba ɗinkin Sallah ya kawo shi bayan an sauko daga idi, shi ya kori mai kayan zuwa birni, ya kuma ja wa abokan sana'arsa. Tauye mudu kuwa malamanmu sun sha karanta mana hukuncinsa. Muna da Sarkin Kasuwa da Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera, ba don ado aka naɗa su ba. Su tsaya a kan mutanensu.

Abin da nake ba ƙungiya shawara ba ya bukatar asusu. A sa sakatare ya zauna da shugabannin sana'o'i a rubuta sunan kowane mai sana'a da aka amince da aikinsa, da lambar wayarsa, a buga a mujallar baɗi, a kuma tura a zauren WhatsApp na kowane reshe. Wanda aka kawo ƙararsa aka tabbatar da laifinsa a cire sunansa har sai ya gyara. Duk aikin da ƙungiya za ta yi da kuɗinta, kujerun makaranta ne ko gyaran rijiyar burtsatse ko kayan makarantar marayu, a fara neman ɗan gari, sai in babu wanda ya iya. Idan kayan da ake so suna da yawa, a ba mai shago rabin kuɗin tun da wuri ya je ya saro, ya ci ribarsa ta halal.

Ga kowannenku kuma, ga abu mai sauƙi da za a iya farawa tun kafin a koma. Mai aiko wa iyayensa kayan abinci kowane wata daga birni, ya zaɓi mai shago guda da ya yarda da shi a unguwarsu, ya karɓi lambar asusunsa, ya riƙa tura masa kuɗin, shi kuma ya kai kayan gida. An huta da jiran direba, an huta da fashewar buhu a hanya. Wanda kuma ya san akwai sunan gidansu a littafin bashin wani mai shago, ya tsaya ya tambaya nawa ne, ya biya kafin ya tayar da mota.

Ranka ya daɗe, shugaban taro, na ga an ɗaga mini takarda alamar lokaci ya cika.