Ƙamshin Wardi Gado Ne: Lacca Kan Noman Wardi a Tsakar Gida

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Na daɗe ina jayayya da wasu daga cikin waɗanda ke zaune a ɗakin nan a kan wardin da ake sayar wa mutanenmu cikin leda a bakin titi. Ba shi da suna, sau da yawa kuma ba shi da ƙamshi, mu kuwa da ake kira masana lambu mun zuba ido. Uwargida za ta sayi dashe, ta yi wata da watanni tana ba shi ruwa, fure ya buɗe ja wur, ta kai hanci ta ji shiru. In ta koma ta yi ƙorafi sai a ce mata taki ne bai isa ba, ko kuma zafin garinmu ne ya cinye ƙamshin. Zafi yana iya rage ƙamshi, taki yana iya ƙara wa fure girma, amma babu ɗayansu da zai sa ƙamshi a jikin wardin da bai gaje shi ba.

Tarihin kun san shi. Wardin shayi ya iso Turai daga Sin a farkon ƙarni na 19, aka yi ta barbararsa da nau'o'in da ake da su a can, har a 1867 Guillot na birnin Liyon a Faransa ya fito da La France, wanda akasari ake ɗauka shi ne na farko a dangin wardin shayi ɗan ruwa-biyu. Wardin wannan dangi shi ne mai dogon kara da babban fure guda a kansa, mai sake fure a kai a kai. A kan wannan dangi nake magana yau.

Hujjar da na fi dogara da ita bincike ne da aka buga a mujallar Science a 2015, aikin Jean-Louis Magnard da Sylvie Baudino da abokan aikinsu a Faransa. Ina roƙon ɗaliban da ke baya su saurara da kyau. Sun ɗauki wardi iri biyu, dukansu jajaye, dukansu daga gidan Meilland. Na farko Papa Meilland, wanda ya fito a 1963, ƙamshinsa yana cika ɗaki. Na biyu Rouge Meilland, kyakkyawa ne a ido amma ƙamshinsa bai taka kara ya karya ba. Suka duba abin da ke gudana a cikin kunnuwan furen kowannensu, suka gano wata ƙwayar gado mai suna RhNUDX1 tana aiki ba ji ba gani a cikin mai ƙamshin, a ɗayan kuwa kusan a kwance take. Ita ce ke samar da sinadarin da ke buɗe hanyar haɗa jiraniyol, ɗaya daga cikin manyan sinadaran da hancinmu ke ji ya ce wannan wardi ne. Ba su tsaya nan ba. Sun duba wasu nau'o'in, suka tarar inda aikin ƙwayar ya yi ƙarfi nan waɗannan sinadarai suke da yawa. Da suka dushe aikinta da gangan, sai sinadaran suka ragu.

Ku lura da abin da wannan ke nufi a tsakar gida. Ka dasa waɗannan biyun a rami kusa da rami, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, hannu ɗaya ke kula da su. Ɗaya zai yi ƙamshi, ɗaya ba zai yi ba, har ranar da za su bushe. Tun kafin a sa dashen a leda an riga an yanke hukunci. Akwai wasu sinadaran ƙamshi ban da jiraniyol, kowanne da hanyarsa, amma su ma duk ta gado suke zuwa. Saboda haka duk wanda ya sayar wa mutum wardi mara suna, sannan ya ɗora masa laifin rashin ƙamshi, ya cuce shi sau biyu.

Daga ina marasa ƙamshin suka yawaita? Kasuwar furen da ake yankewa ce ta haife su. Gonakin bakin tafkin Naibasha a Kenya da na Habasha suna noma wardin da zai hau jirgi zuwa kasuwar gwanjo ta Alsimiya a Holan, ya kwana a sanyi, ya yi kwanaki a kwalba bai zube ba. Masu fitar da iri sun yi shekaru suna zaɓen ƙarfin kara da launi da daɗewa, ƙamshi ya koma baya. Wannan sana'arsu ce, ba na zarginsu. Amma wardin tsakar gida ba ya hawa jirgi, ba shi da dalilin gadar wannan rashi.

Masu ƙamshin kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Ƙungiyar masu wardi ta Amurka tana da lambar yabo ta James Alexander Gamble da ta keɓe wa ƙamshi kaɗai, kuma Crimson Glory na gidan Kordes a Jamus ne ya fara karɓarta a 1961. Papa Meilland ya same ta, haka ma Fragrant Cloud da Mister Lincoln da Double Delight, wanda ya fito a 1977, mai farin tsakiya da bakin da rana ke rina shi ja. Shi kuwa Peace, da ya yi suna a duniya tun 1945, ƙamshinsa kaɗan ne, kada shahararsa ta ruɗe ku.

Na san abin da za a ce mini. Wasu za su ce ana fama da tsadar hatsi wa yake ta fure. Gidan da ake turaren wuta kowace safiya, ake yi wa alhazai sautun turaren wardin Ɗa'ifa, ba a koya masa darajar ƙamshi. Wasu za su ce wardi sai Jos, mai tudun da ya kai kimanin mita 1,200. Jos ta fi sauƙi, wannan haka yake. Amma birnin Candigar na Indiya zafinsa na haura digiri 40 kafin damina, kuma tun 1967 yake da lambun wardi na Zakir Hussain mai faɗin eka 30. Abin da suka yi shi ne sun bi yanayinsu: a arewacin Indiya a watan Oktoba ake datse wardi don ya yi fure a lokacin sanyi.

Nan ne muke tafka kuskure, muna koyar da ɗalibai jadawalin littattafan Ingila, inda wardi ke barci a hunturu a datse shi a ƙarshensa. Namu ba ya barci. Hunturu shi ne lokacinsa mafi kyau. A datse shi da ɗaukewar ruwa, a cire busassun rassa da waɗanda suka gitta juna, a ba shi ruɓaɓɓen taki, bayan mako shida zuwa takwas zai buɗe cikin sanyin Disamba. Da bazara a ƙyale shi ya huta: a tsinke ƙullin furen, a bar masa ganyensa ya yi wa kansa inuwa, a riƙa fesa ruwa a ƙarƙashin ganye saboda ƙananan jajayen ƙwarin nan masu saƙa kamar gizo-gizo. Da damina kuma baƙin tabon ganye ne abokin gaba. A tsince ganyen da ya kamu, har wanda ya faɗi ƙasa, a fitar da shi daga gidan.

Wurin dashe ya fi komai muhimmanci bayan iri. A nemi gabashin katanga, inda zai sha rana daga fitowarta zuwa azahar, kamar awa 6, sannan inuwa ta rufe shi, domin jajayen nan masu duhu rana tsaka tana ƙona bakin furensu. Rami ya kai rabin mita, ƙasar ta zama mai tsane ruwa. Kashin shanu ɗanye yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. Ruwa a gindi za a zuba da safe, ya ratsa sosai, ban da ruwan wanke-wanke mai sabulu. Kuma iyayena mata, ku duba gindin dashen. Wardin nan kamar mangwaro mai aure yake: akwai kumburi a inda aka haɗa mai furen da mai saiwar. Duk tohon da ya fito daga ƙasan wannan kumburi na mai saiwar ne, a fizge shi daga tushensa. In aka bar shi zai rinjayi na sama, bayan wani lokaci ki ga wardinki ya koma wani abu dabam.

Abin da nake nema na sha faɗarsa. Kwalejojinmu na aikin gona su ajiye uwayen iri masu suna, ko da kala goma ne, a gwada su a Jos da Zariya da Kano a rubuta wanda ya jure. A koya wa matasan da ke rainon dashe a bakin titi auren ido, wato haɗa mai furen da mai saiwar, domin ba su da laifi, abin da suka samu suke sayarwa. Hukumomin da ke ƙawata birane su daina karɓar dashen da babu suna a jikinsa. Ku kuma masu saye, ku je da hantsi, lokacin da ƙamshi ya fi tashi, ku nemi dashen da ke da fure rabin buɗe ku sunsuna kafin ku biya. Shugaban taro, ina roƙon a sa maganar rubuta suna a jikin kowace leda cikin shawarwarin da wannan taro zai miƙa.