Wa'azi a Gidajen Gyaran Hali na Jihar Kebbi: Haƙƙin Ɗaurarre ne Kafin na Mai Wa'azi

Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya bai wa kowane mutum 'yancin bin addinin da ya zaɓa, da sauya shi, da yaɗa shi, sashe na 10 kuma ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin nata. Hukuncin ɗauri yana raba mutum da 'yancin zirga-zirga ne kawai, don haka wanda ke tsare a Birnin Kebbi ko Argungu yana nan da haƙƙinsa na ganin limami ko fasto. Abin da wannan takarda ke son tabbatarwa shi ne, wannan haƙƙi na ɗaurarre ne, kuma ƙungiyar da ke shiga wa'azi, ta Kirista ce ko ta Musulmi, albarkacinsa take ci.

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, ta soma aiki da dokokin shari'ar Musulunci na manyan laifuka a 2000, amma gidajen yarinta sun kasance a hannun tarayya tun da aka karɓe su daga En'e a 1968. Dokar 2019 ta sauya musu suna zuwa gidajen gyaran hali, sannan gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon kafa nasu. A masarautun Gwandu da Argungu Musulmi ne mafi rinjaye, yayin da ƙasar Zuru ke da Kiristoci da dama, saboda haka a ɗaki guda ana iya samun manomin shinkafa daga Gulma da matashi Kirista daga kudancin jihar suna kwana kan tabarma ɗaya. Manufar daidaiton rabon muƙamai da ke sashe na 14, wato ƙa'idar da ke hana 'yan wani yanki mamaye aikin gwamnati, jihohi da ƙabilu take lissafawa wajen ɗaukar gandurobobi, ba ta kuwa ce komai ba game da ɗaurarren da addininsa ke da ƙarancin mabiya a gidan da aka kai shi.

Wata shari'a da aka yi a Amurka ta nuna inda matsalar take. Ƙungiyar Prison Fellowship, wadda Charles Colson ya kafa a 1976 bayan ya fito daga ɗauri kan badaƙalar Watergate, ta gudanar da wani shiri a kurkukun Newton na Jihar Iowa da kuɗin gwamnati, masu shiga shirin kuma suna samun sauƙin zama fiye da sauran. A 2006 kotun tarayya ta yanke cewa hakan ya saɓa wa tsarin mulki, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2007. Wa'azin kansa ba a hana ba. Abin da aka ƙi shi ne gwamnati ta sa jin daɗin ɗaurarre ya rataya ga karɓar wata aƙida.

A nan gida abin ya fi tsanani, domin fiye da rabin mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, wasu kuma tara ce kawai suka kasa biya. Baƙon da ya shigo da sabulu da garin kwaki da magani, ko ya yi alkawarin biyan tara, yana riƙe da abin da mai jin yunwa ba zai iya kau da kai daga gare shi ba, kuma imanin da aka furta don sabulu bai amfani coci ba, bai amfani masallaci ba. Sai dai rufe ƙofa ga fastoci da sunan zaman lafiya zalunci ne ga ɗaurarren Kirista, wanda sau da yawa danginsa na nesa. Ƙa'ida ta 65 cikin Ƙa'idojin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, ta haɗa ɓangarorin biyu: ba a hana ɗaurarre ganin malamin addininsa, ba a kuma tilasta masa ganin wanda ba ya so.

Ana kira ga hukumar gidajen gyaran hali a Kebbi da ta zauna da Jama'atu Nasril Islam da ƙungiyar Kiristoci ta CAN, a rubuta ƙa'ida guda ta shiga, a ware lokacin ibadar Juma'a da ta Lahadi, a kuma riƙa raba kayan taimako ga kowa ba tare da an tambayi addininsa ba.