Koyon Aikin Haɗa Magunguna a Asibitocin Ingila

Maganar yau a kan yaran ƙasarku ce, maza da mata, waɗanda ke tafiya Ingila domin su koyo aikin haɗa magunguna a asibiti.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a Arewa. Tun cikin 1930 aka buɗe makaranta a Zariya inda a ke koyar da masu ba da magani. Bayan an kafa Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962 sai karatun ya koma can. Yanzu yaro ya kan yi shekara 5 ko 6 a jami'a, sa'an nan ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin wani gwani.

To, wanda ya gama wannan, in ya tafi Ingila ba a damƙa masa ɗakin magani nan da nan. Sai ya sake karatun shekara guda a jami'ar da hukumar masu magani ta can ta yarda da ita. Bayan haka ya yi mako 52 yana aiki, akwai mai lura da shi, kana ya ɗauki jarrabawa. In ya ci, a rubuta sunansa cikin rajista.

Me ya ke koyo a asibitin? Da safe ya kan zaga ɗakunan majiyyata, yana duba takardar kowa. In likita ya rubuta wa jariri awon da ya fi ƙarfinsa, shi zai tsai da maganin, ya faɗa wa likita cikin ladabi. Magunguna masu ƙarfi kamar mofin a kabad na ƙarfe a ke kulle su, kome aka fitar sai an rubuta cikin littafi. Allurar ciwon sukari kuwa a firij a ke ajiye ta, tsakanin digiri 2 da 8.

Kada a ɗauka wannan tsanani ne na banza. Cikin 1990 yara fiye da 100 suka rasu a Nijeriya, a wajajen Jos da Ibadan, saboda maganin zazzaɓi na ruwa wanda aka haɗa da wani sinadari mai lalata ƙoda. Ran da mai haɗa magani ya yi sakaci, uwa da hannunta za ta ba ɗanta guba ba ta sani ba.

Amma fa ba kome ne Ingila za ta koya masa ba. A can da wuya ya ga saran kububuwa irin na Kaltungo, ko zazzaɓin cizon sauro na damina, ko zafin bazara mai ɓata magani in wuta ta ɗauke. Waɗannan sai a gida.

Saboda haka ana roƙon hakimai abu uku. Na farko, in talaka ya zo da labarin ɗansa ya sami makaranta a Turai, kada ya sayar da gona ko shanu sai malami ya rubuta an tabbatar hukumar can ta san makarantar, gama akwai 'yan damfara masu karɓar kuɗi su ɓace. Na biyu, a lura da iyalin da yaro ya bari, a riƙa aika masa labarin gida, domin sanyi da kaɗaici su kan karya zuciyar baƙo. Na uku, tun kafin ya tashi, hakimi ya kira shi ya tuna masa asibitin garinsu na jiransa. Masu iya magana sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya kai su lafiya, ya komo mana da su lafiya, amin.