Hayaƙin da Likita Ya Gani a Cikin Zuciya

Takardarmu ta yau daga wani manomi ta fito a Funtuwa. Ya ce zuciyar ƙanensa ta riƙa bugawa barkatai, likitoci suka sa masa wutar lantarki a ƙirji ta daidaita, amma da aka sake ɗaukar hotonta sai aka ce an ga hayaƙi a ciki. Yana tambaya, shin wutar ce ta ƙona jinin?

To Malam, kwantar da hankalinka, babu abin da ya ƙone. Na'urar nan da amo take aiki, irin wadda ake duba cikin mai juna biyu da ita. Jinin da ke gudu sosai baƙi yake fitowa a hoto. In kuwa gudunsa ya yi sanyi, sai jajayen ƙwayoyinsa su riƙa mannewa da juna kamar an jera kwabbai, amon ya buge su ya dawo, a ga wani abu fari-fari yana murɗawa. Shi ne likitoci ke ce wa hayaƙi.

Me ya sa ya bayyana bayan an yi magani? Bugun ya daidaita, gaskiya ne, amma ɗakin sama na hagu na zuciyar, musamman wani ɗan aljihu da ke jikinsa, yakan yi kasala, bai matsa jini da ƙarfi sai bayan kwanaki ko makonni. Likitoci a Kilibilan ta Amurka sun nuna haka a 1993. Ko da ƙwaya aka daidaita bugun, kasalar nan takan zo, saboda haka kada a ɗora wa wuta laifi.

Ga inda hatsarin yake, Malam. Jinin da ya kwanta yakan daskare, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, a sami shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini na aƙalla mako 4 bayan aikin, wasu ma har iyakar rayuwa. Kada ƙanenka ya ce ya ji sauƙi ya ajiye, ko da damina ta kankama aiki ya yi yawa. In warfarin ne, ya riƙa zuwa gwajin jini, kuma kada ya haɗa da jiƙe-jiƙe ko asfirin na kemis sai likita ya sani.

Ranar da kuka ga bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya saki, a nemi mota a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.